Yadda Na Hure Kyandirin Haruna Bayahude

Tun da na dawo daga Amurka ba ku bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Kullum sai wani a majalisa ya ce, "Alhaji Idi, ya ka ga ƙasar?" Da na buɗe baki sai Malam Tanimu ya katse ni da labarin Umararsa, wanda duk mun haddace. Shi ya sa na ce bari in rubuta, da ɗan bokon da na tsinta kafin mahaifina ya cire ni daga aji ya ɗora ni kan keken ɗinki. Wanda ya ga kuskure ya haɗiye. Takarda dai Tanimu ba zai katse ta ba.

Dalilin tafiyar da kuka sani shi ne Likita, ɗana na fari, ya matsa in je a duba mini idanu. Na gaskiya kuwa Walida ce, 'yarsa, matata ta wasa, wadda rabona da ita tun tana tatata, yanzu ga ta a sakandare. Kafin in tashi Likita ya kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. In jami'in filin jirgi ya tambaye ka wurin wa ka zo, don Allah kar ka ce wurin matarka."

Na ce, "To ƙarya zan yi?"

Ya ce, "Ba su san wasan jika da kaka ba a nan. Rufe mu za su yi gaba ɗaya."

Tun daga nan na san ƙasar tana da sauran aiki.

Jirgi ba abin da zan ce a kansa sai dai an matse mu kamar buhunan gawayi, aka kawo abinci a ɗan akushin roba wanda ko kyanwa za ta raina. Kusa da ni wata Hajiya Mariya ce, 'yar Kumasi, mai Hausar zango, tana aikin kula da tsofaffi a wani gari Laurel. Na ce ina 'ya'yansu? Ta ce, "Suna nan, Baaba, suna aiko furanni." Ita ta nuna mini yadda ake buɗe ƙofar bayin jirgi, bayan na daɗe a tsaye ina yi mata sallama.

Da muka sauka jami'i ya buɗe jakata ya ɗago ƙullin kuka, yana juya shi kamar ya kama babban mai laifi. Na ce masa miya ce. Bai gamsu ba, na dangwala da yatsa na lasa. Aka kira kare. Karen ya yi banza da kuka, ya tura hanci cikin rigunan da na ɗinka wa Walida da hannuna. Aka sallame ni da murmushi. Kayan lefe ke nan, kare ya riga amarya gani.

Gidan Likita yana Takoma Park, unguwa mai itatuwa da Habashawa da yawa. Masaukina a ƙarƙashin ƙasa yake. Mutum da ransa aka saka shi a rami, wai nan ne ɗakin baƙi, har da talabijin. Gidajen duk katako ne aka shafa musu fenti. Washegari na kunna ɗan turaren wuta, wani abu a silin ya kama ihu kamar an yanka akuya. Likita ya sauko da gudu ba takalmi, ya yi mini huɗuba a kan gobara: wuta ko ta ashana ce ba a barin ta a gidan katako. Na riƙe wannan karatu da kyau, kamar yadda za ku gani.

Walida ta durƙusa ta gaishe ni, uwarta ta yi tarbiyya. Tana jin Hausa tsaf, amma amsa sai da Turanci, kuma "Alhaji" take ce mini, kamar ɗan haya da mai gida. Na ce, "Amarya, haka ake tarbar miji? Ina ruwan wanka?" Ta yi dariyar ladabi, ta duba agogo, ta ce za ta je wurin Zeidi.

Na tambayi surukata, "Wane ne kuma Zaidu?"

Ta ce, "Ba Zaidu ba, Baba, Zeidi. Kaka ke nan da yarensu. Tsohon nan ne na gidan kusa, Bayahude. Tun tana ƙarama shi ke ɗauko ta daga makaranta in muna wurin aiki."

Jama'a, na ƙetare teku na tarar an yi mini ƙwace. Kuma ba saurayi ba, wanda zan kora da sanda. Tsoho, wanda ya girme ni.

Sunansa Aron, ni kuwa na mayar da shi Haruna, don in rage masa girma. Ɗan siriri ne, kunnuwa fato-fato, da 'yar hula a tsakar ka wadda ko jaririnmu ba za ta rufe wa maɗiga ba. Na tafi da shirin ganin Bayahuden da ake ba mu labari, sai na tarar da mai ciwon gwiwa irin nawa, har maganinmu ɗaya. Ba ya cin alade, ba ya cin mushe, yana da kaciyarsa, in ji Likita, ni ban bincika ba. Wannan duk bai sa na yafe masa ba.

Ya gayyace mu cin abinci. Romon kaza ne aka jefa wasu dunƙule-dunƙule a ciki, kamar fura ta faɗa miya bisa kuskure. Walida ta shanye ta nemi ƙari, yarinyar da ranar da aka yi tuwo da kukar da na sha wulaƙanci a kanta ta ce ta ƙoshi. Na ci don kar a ce na ji tsoro. Abin haushi, da daɗi.

Ni ke yin Hausa, Walida ta juya masa, shi kuma in ya yi Turancinsa a hankali ina tsintar rabi da Turancin kasuwata. Na ce ta gaya masa yarinyar nan matata ce, ya fita hanyata. Ta gaya masa tana rufe fuska. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Gaya wa mijinki ya makara. Ni na koya miki keke."

Ni ma da keke nake ci, amma nawa ba ya tafiya.

Bayan an gama da idanuna, Walida ta ce za su kai ni wani gidan tarihi a cikin Washington, na abin da aka yi wa Yahudawa a Turai. Muka shiga jirgin ƙasa. Ita ta riƙe hannun Haruna, ni aka ba ni rigunan sanyi in riƙe, ina biye kamar yaron mota.

A nan zan ajiye wasa kaɗan. Na sha jin "kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa" a rediyo, yana wucewa kamar labarin farashin taki. Gani daban ne. Akwai wurin da aka tara takalman mutanen da aka kashe, har da na yara. Akwai wani ɗan ƙyalle mai siffar tauraro da aka tilasta musu liƙawa a riga don a gane su. Na matsa da sabon idona na duba bakin ƙyallen. Ɗinkin hannu ne, ƙanana, a jere, ba gaggawa. Wata uwa ce ta zauna ta yi shi da kyau don kar ya ɓalle daga rigar ɗanta.

Da muka fito muka zauna a benci, sai Walida ta shiga yi mini karatu, tana waiwayen malaminta ko ta yi daidai. Ashe kowane irin kisa da sunansa a wurinsu. In mutanen gari suka wayi gari suka far wa maƙwabtansu Yahudawa, suka fasa, suka ƙona, hukuma ta naɗe hannu, wannan fogrom ne. Babban kuwa, wanda gwamnati ta tsara da jiragen ƙasa da ma'aikata har aka hallaka mutum miliyan shida, duniya na ce masa Holokos. Haruna ya ce shi ba ya son kalmar, don asalinta hadaya ce da ake ƙonewa ƙurmus. "Hadaya ga wa? Wa ya roƙa?" Shi Sho'a yake cewa, wato masifa. Gwaggonsa da ta raine shi kuma har ta mutu Hurban take cewa, rugujewa. Akwai kuma jenosayid, ta lauyoyi, wato kisan ƙare dangi.

Walida ta jero su duka ba tuntuɓe. Yarinyar da ba ta iya ce mini "sannu da hutawa" ba.

Na san abin da Tanimu zai ce: Falasɗinu fa? Na tambaya, kuma ba don Allah kaɗai na tambaya ba, ina so in ga an kayar da shi a gabanta. Haruna ya ce, "Yaron da aka kashe yaro ne. A kan maganar nan ni da ɗana mun daina cin abinci tare." Ban samu kayen da na nema ba.

A jirgin komawa wani kishi ya taso mini wanda ya fi na farko muni, har ina jin kunyar rubuta shi. Wai ni ne ke kishin mutane a kan masifarsu. Ba masifar ba, Allah Ya tsare. Sunayen. Mu ma muna da kisan kiyashi, muna da kisan gilla, amma na 'yan rediyo ne, sai abu ya faru a wata ƙasa ake fito da su. Namu na gida rikici muke ce masa. Masu haya su yi faɗa a kan layin shanya, rikici. A kashe unguwa guda, rikici. "Ai a rikicin nan ya rasu," sai a ce Allah Ya jiƙansa, a ci gaba da cin goro.

Ana nan, wata ranar Lahadi da hantsi surukata ta aike ni da kwanon ƙosai gidan Haruna, don ta lura ina kewaye-kewaye. Ƙofar kicin a buɗe, shi yana barci a kujera a falo, baki sake. A kan teburin kicin kuwa ga kyandir a cikin ɗan gilashi yana ci. Rana tsaka, ga wutar lantarki ba a ɗauke ba, a ƙasar da ba a taɓa ɗaukewa, a gidan katako. Na ce alhamdu lillahi, tsufa ya kama abokin takara. Na hure shi, na dawo gida ina taku ɗai-ɗai.

Na samu Walida tana karatu. Na ce, "Amarya, yau na ceci unguwarku. Wannan Zaidun naki ya fara ruɗewa. Kyandir ya kunna da rana ya kwanta barci. Ba don mijinki na gaskiya ba, da yanzu kuna waje da bargo."

Ta ɗago. Ta ce, "Ka kashe?"

"Da numfashi ɗaya."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce, "Na ƙanwarsa ne. Sau ɗaya yake kunna shi a shekara, kuma ba a kashewa, sai ya cinye da kansa." Ta rufe littafi ta haye sama. Da aka zo cin abinci ta gaishe ni kamar baƙon babanta, ta ɗauki farantinta ta koma. Ko "Alhajin" ma na rasa.

Likita ya ce shi zai je ya ba da haƙuri. Na ce da bakina na hure, da shi zan je. Amma ba ni da tafinta. Na tsaya a ƙasan bene na ce, "Walida, ba don ni ba. In na je ni kaɗai da Turancina, zan iya ƙara wani laifin." Ta sauko ba ta dube ni ba, ta wuce gaba.

Muka tarar da shi zaune gaban gilashin, bai sake kunnawa ba. Na cire hula, abin da ban taɓa yi wa wani ba sai wanzami, na ce na yi ɓarna, na zaci mantuwa ce. Walida ta juya, kuma na ji ta ƙara da nata, don maganarta ta fi tawa tsawo.

Ya ce, "Na zaci iska ce. Ashe miji ne." Ya nuna mini kujera. Ya ce sunanta Miriyam. Lokacin Sho'a shi an ba da shi ga wasu manoma suka ɓoye shi, ita ta yi ƙanƙanta, tana kuka, ba mai karɓar ta, sai aka tafi da ita tare da uwarsu, ba su dawo ba. Bai san ranar ba, bai san wurin ba, shi ya zaɓar mata rana. Ya ce, "In na kunna sai in faɗi sunanta da ƙarfi. Ni kaɗai na rage wanda ya taɓa kiran ta ta waiwayo."

Sai ya dube ni. "Kai wa kake kunna wa?"

Na ce mu ba ma kunna kyandir, addu'a muke yi da sadaka. Ya ce to wa kake yi wa? Na ce iyaye da 'yan'uwa. Walida ba ta juya wannan ba. Ta dube ni karon farko tun hantsi, ta ce, "Dadi ya ce mamansa ta rasu a rikici. Mene ne rikici? Na tambaye shi ya ce in tambaye ka, kai kuma kullum wasa."

Ku da kuka san ni tun dawowata Zariya kun san ba na wannan magana. Amma ga yarinya ta tsare ni da ido, ga tsoho ya ba ni tasa ƙanwar bayan na hure mata wuta. Sai na faɗa. Na ce a wani gari muke zaune a lokacin, mu da waɗanda ba addininmu ɗaya ba, ina yi musu ɗinkin Kirsimeti suna cin naman Sallarmu. Wata safiya uwar Likita ta ɗauki masara ta tafi niƙa. Kafin ta dawo gari ya kama. Ni maƙwabcina, wanda ba Musulmi ba, ya tura ni ƙarƙashin gadonsa ya zauna a ƙofa. Ita aka tare ta a hanya, ba don ta yi wa kowa komai ba, don mayafinta. A ɗaya gefen garin kuma namu suna tare nasu. Da ƙura ta lafa aka zuba su a rami ɗaya, ban san wanne ba. Likita yana makarantar kwana, ni na je na gaya masa.

Walida tana juyawa tana tsayawa. Da ta gama ta ce, "Wannan ai fogrom ne, Zeidi."

Ya ce, "Wannan kalmarmu ce. In yana so na ba shi aro. Amma tasa ya kamata ya samo."

Na ce ba ni da ita. Na duba ko'ina, rikicin nan dai shi ne.

Ya ce, "To sunanta fa?"

Na nuna Walida na ce ga shi nan a jikinta. Sunan kakarta aka sa mata, shi ya sa ake ce mata Walida, don uban ba zai iya kama sunan uwarsa ba. Ni ma ban taɓa kamawa ba. Matar fari ce. Tana raye "ke" nake cewa, ko in yi gyaran murya, ta san da ita nake.

Haruna ya riƙe kai. "Kun sa wa yarinya suna don kar a manta, sannan kuka hana kowa faɗa?"

Na ce, "Kunya ce. Ku ba ku da ita, shi ya sa hularku ba ta rufe kai."

Walida ta ce, "Na san sunan, yana kan fasfo ɗina. Ban taɓa jin wanda ya san ta ya faɗa ba. Ka faɗa."

Na ce a kawo ashana tukuna. Malaman majalisa sai ku yi ta fatawa, ni dai na san wanda ya kashe shi ke kunnawa. Na kunna, Haruna ya ce Miriyam. Suka juyo suna jira na. Na yi gyaran murya, na ji wannan karon ba mai amsawa. Sai na faɗa. Bakina ya yi nauyi kamar na ɗauko shi aro, amma ya fita, duka gaɓoɓinsa. Ku kam ba zan rubuta muku shi ba, kunyata ba ta ƙare ba, rance na ɗauka.

Walida ta zagayo ta tsaya bayan kujerata, ta ɗora hannu a kafaɗata, ta shiga tambaya: doguwa ce? Tana da faɗa? Me take dafawa? Na ce tana da faɗa, kuma ke kika gaje shi. Muka daɗe a nan, ƙosai ya huce, Haruna yana zaune ba mai juya masa komai. Na ga yadda abin yake, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini daɗi.

Da muka tashi tafiya sai Haruna ya maimaita sunan, daidai, ba gargada, ya tambayi watan da abin ya faru. Na gaya masa. Ya ce in lokacin ya zo zai sa gilashi biyu.

Kun ji mutumin da nake gaya muku. Na je ƙwato jika, na samu rabi da ƙyar, na dawo na bar shi zai riƙa kunna wa uwargidana kyandir.